Waiwaye: Kwanan Rumfa a Taron Shekara

Da zarar an gama sussukar dawa, rumbuna sun cika, hazo ya sauka a kan kogin Binuwai, magana ɗaya ce ke yawo a ƙofar majami'unmu bayan sujadar Lahadi: su wa za su je babban taro bana? Ana tambayar kuɗin mota, ana tambayar mudu nawa na gari kowane gida zai kawo, amma ba a tambayar inda za a kwana. Kowa ya san amsar. A ƙasa za a kwana, a kan tabarma, ko cikin rumfar zana ko cikin ajin firamare da aka tattara bencinansa gefe guda. Wanda ya taɓa zuwa taron shekara na ekklisiyar LCCN a Demsa, can kan hanyar Numan zuwa Yola, ya ga yadda fili ke zama gari cikin 'yan kwanaki. Amma ɗan EYN, da 'yar Zumuntar Matan ECWA, da matashin COCIN ko HEKAN, kowa yana da filin da yake tunawa. Tabarmar ɗaya ce, wurin shimfiɗa ta ne ya bambanta.

Yawancin tarurrukan nan da rani ake yin su, dalilin kuwa a bayyane yake. Iyayenmu manoma ne. Daga Disamba zuwa Maris ne suke jingine fartanya, hanya ta bushe mota tana iya shiga ƙauye, ga hatsi a rumbu, ga 'yan kuɗin gyaɗa ko na auduga a ƙulle a bakin zane. Babu ruwan saman da zai ratsa rufin ciyawa. Gamba kuma ta ƙosa a bakin fadama, lauje kawai take jira.

A kan gambar nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan mantuwarmu ta fi yawa. Idan muka zauna hirar taro, mai wa'azi muke tunawa, da mawaƙan da suka tayar da fili, da yawan baikon da aka tara ranar Lahadi. Ba ma tuna mutanen da suka riga mu zuwa. Tun saura makonni, majami'a takan ware samari da dattawa biyu ko uku su tafi share fage. Su ne za su yanko gamba, su bar ta ta sha iska, su zauna a inuwa suna saƙar zana har tafin hannunsu ya yi kanta. Su saro dirkoki masu baki biyu, su saɓo su a kafaɗa. Ƙasar rani ta yi tauri, dagi ba ya shigarta, sai a fara ɗan rami a zuba ruwa a bar shi ya kwana, da safe a ƙara haƙawa. A kafa dirka, a gitta sanda, a ɗaure da igiyar rama ko ɓawon kalgo, a kewaye da zana. Dattijon da ya san aikin ba zai yarda ƙofar rumfa ta kalli gabas ko arewa ba, saboda ta can iskar hunturu ke zuwa da ƙura. Rumfar mata dabam, ta maza dabam, wurin girki can nesa da zana, makewayi a baya. Kafin su gama sai su baza busasshiyar ciyawa mai kauri a ƙasa, don kada sanyi ya hudo tabarma ya kama ƙugun tsofaffi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma hannayen da suka ɗauki wannan jinkar ba safai ake kiran sunan masu su a lasifika ba. Ranar da muka iso muna waƙa, su sun riga sun yi baƙi, leɓunansu sun tsattsage, suna tsaye suna nuna mana: ga taku nan, Mama, ga ta su Baba can.

Yau a wurare da yawa hayar rumfar tamfol ake yi da kujerun roba, mota ta sauke, in an tashi ta kwashe. Babu laifi, gambar ma ta yi wuyar samu tun da gonaki suka cinye fadamu. Sai dai ka zagaya majami'a guda ka nemi saurayin da zai iya saƙa zana, ka ga ko za ka samu.

Tafiyar kanta ba ta da dogon labari. Gingimari ce ko a-kori-kura, buhunan gari a ƙasa, mutane a sama, ƙura ta rufe gira da gashin ido, mata suna waƙa tun daga gida har a sauka. Kayan kowa sanannu ne: tabarma a naɗe da bargo a cikinta, bokiti, kwanon sha, fitilar ƙwai, Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi a ƙunshe cikin ɗankwali. Mata su ƙara da tukunya da muciya, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, bandar kifi, gyaɗar kunu, wani lokaci har da ɗaurin itace, don ba a san abin da za a tarar ba.

Da dare ake gane wanda ya saba. Rumfar da aka yi wa mutum ashirin sai ta ɗauki arba'in, domin kullum akwai wanda bai rubuta suna ba amma ya hau mota, kuma ba a kora. A jera tabarmi baki da baki, jaka ta zama matashin kai. Na bakin ƙofa shi ke shan iska, saboda haka samari ake turawa can, tsofaffi a tsakiya inda ɗumin jiki ya taru. Farkon dare ƙasa tana amayo zafin da ta sha da rana, mutum ya yi ta juyi. Wajen ƙarfe uku sai sanyi ya sauko, ka ji ana jan bargo, ana tari ta ko'ina. Ga munsharin wani, ga kukan jariri, ga wasu mawaƙa can nesa da suka ƙi barci suna gyara muryar gobe. Ba a sa takalmi da safe sai an kakkaɓe shi, saboda kunama ma ɗumi take nema. Ido bai gama rufuwa ba sai a buga ƙararrawar addu'ar asuba, wadda tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataye a reshen bishiya. Mu tashi, mu wanke fuska da ruwa mai sanyin ƙanƙara, mu zauna a ƙudundune cikin mayafi, sai kunun gyaɗa mai zafi ya zagayo a ƙwarya kafin jiki ya dawo.

Har yau ina tuna wani dare, lokacin ina ƙarami ina kwana a rumfar mata kusa da mahaifiyata. Dare ya raba, sai muka ji murya a bakin ƙofa: "Gafaranku dai, masu rumfa." Wata matashiya ce da goyo. Motarsu ta lalace a hanya, sun iso cikin duhu, ta rabu da mutanen garinsu, yaron kuwa sai tari yake yi. Shugabar Zumuntar Matanmu, tsohuwa mai ƙaramin jiki, ta ɗaga fitila ta dube ta. Ba ta tambaye ta ko 'yar wace gunduma ce ba. Cewa ta yi, "Shigo, 'yata. Ku matsa mata." Babu wurin matsawa, amma aka matsa. Ta ce, "Kawo jikana nan." Ta kwance yaron, ta ɗumama man kaɗanya a kan gilashin fitila, ta shafe masa ƙirji da tafin ƙafa, ta cire mayafinta ta naɗe shi, ita kuwa ta kwana da zane ɗaya. Da gari ya waye aka samo mutanen matar, rumfarsu ba ta da nisa ma, amma ta ce a bar ta wurin Mama har a tashi taro. Bayan haka, duk kaka sai an aiko wa tsohuwar da ƙwaryar riɗi daga wani ƙauye da ba ta taɓa takawa ba, har ta rasu. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mu kuwa a daren nan tabarmar ma ba ta ishe mu ba.

Da Hausa suka yi wannan magana, alhali kowaccensu tana da yaren gidansu. A filin taro na ƙasar Adamawa za ka ji Bachama da Batta da Mbula, ka matsa ka ji Lunguda da Kanakuru da Yungur, ka ƙara gaba ka ji Chamba ko Kilba. Kowa da yarensa a cikin rumfarsa, amma a layin rijiya, da wurin aron gishiri, da kan dakalin wa'azi, Hausa ke haɗa mu. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na Wusasa ya ba da ƙarfinsa a ciki tare da wasu, kakanninmu suka samu littafi guda da za su buɗe tare ko ba sa jin yaren juna. Da yawanmu a waɗannan rumfunan bakinmu ya faɗa da Hausa.

Rumfa kuma ba ta san muƙami ba. Hedimasta, da ɗan sanda mai igiya uku, da manomin da bai taɓa shiga aji ba, da mai bishara wanda albashinsa buhun dawa ne, duk kafaɗa da kafaɗa. Na ga Baba Fasto a layin wanka da bokitinsa, tawul a wuya, yaron da ke gabansa yana ƙoƙarin ba shi wuri, shi kuwa yana cewa, "Tsaya abinka, ɗana, ka riga ni." Mutanen da suka shekara ba sa gaisawa saboda iyakar gona sai ka ga bargo ɗaya ya rufe su, kafin a tashi taro dattawa sun zaunar da su a gindin bishiya an kashe maganar. Aure nawa aka ƙulla daga aiken ɗebo ruwa? 'Yan'uwanmu Musulmi da suka sauke farali, suka kwana a filin Muzdalifa, sarki da talaka a kan ƙasa ɗaya, ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Kada wani yaro ya karanta wannan ya ɗauka komai daɗi ne. Akwai wuyar da ke gina mutum, akwai kuma sakaci da aka sa wa rigar haƙuri. Ba zan kama sunan wani fili ba, domin abin namu ne duka. Inda aka tara dubban mutane a kan rijiya biyu ko uku, mata kan tashi tun ƙarfe biyu na dare su bi layi, kafin rana ta fito guga ya fara kwaso laka. Bokiti ɗaya mutum uku su raba, wanka ya koma shafa. Ramukan makewayi ba sa isa, kwana biyu sun cika, mutane su fara bin daji, mata kuwa su rage cin abinci da rana don kada buƙata ta kama su kafin duhu ya yi. Wannan ba ya cikin ibada. Amai da gudawa ba ya tambayar abin da ya tara jama'a, kuma lokacin taron shi ne lokacin sanƙarau a ƙasarmu. Waɗanda suka ga annobar 1996 a Arewa sun san abin da cunkoso cikin zafi da ƙura ke jawowa. Ga wuta. Busasshiyar zana da iskar rani, kyandir ɗaya ya isa. Shi ya sa tsofaffin shugabannin Zumunta ba sa wasa: ba a kwanciya sai an zagaya an yayyafa wa kowane murhu ruwa, an hure kowace fitila in ban da wadda aka rataye a waje.

Amma ku tuna yadda ake gyara irin waɗannan a da. Idan ruwa ya yanke, shugaban taro ba ya jiran rahoton kwamiti, domin shi ma bai yi wanka ba. Idan rami ya cika, matar fasto ta riga kowa sani. Kafin rana ta take tsaka an tura samari da diga da shebur, an aika wurin mai unguwa a roƙi izinin ɗiba a rijiyoyin gari. Mutanen gari kuma, Kirista da Musulmi da masu bin gargajiya, sukan ba da aron randa da turmi, wasu har su kwashe 'ya'yansu daga ɗaki su sa tsofaffin baƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, a lokacin kuwa shugabanninmu a cikin ɗakin suke kwana.

Abin da ke damuna ke nan a yau. Taro ya ƙara girma, lasifika ta ƙara ƙarfi, ga janareta ga fitilu, ana ma kallon wa'azi kai tsaye a Facebook daga Legas ko Landan. Duk alheri ne, mun gode Allah. Amma da magariba sai ka ga jerin motoci suna fita daga fili, masu hali sun nufi otal a gari mafi kusa, sai gobe da hantsi su dawo fes, a kai su kujerun gaba. Waɗanda suka rage su ne waɗanda ba su da zaɓi: matan ƙauye, da yara, da masu bishara na bakin daji. Ba na ƙyashin kowa da katifarsa. Tsohon da gwiwa ta gaza, da mai ciki, da mai ciwon suga ko hawan jini, a ba su ɗaki mafi kyau, hakkinsu ne. Amma idan duk mai murya a majalisa ya kwana a wani wuri, wa zai ji warin ramin da ya cika? Sai a kashe kuɗi a ƙawata dandamali, a ɗinka anko, a buga kalanda, famfo kuwa yana nan guda ɗaya yadda aka bar shi tun shekarun baya. Ban ce mugunta ce ba. Nisa ne ya shiga tsakani, nisan da bai fi tafiyar rabin awa a mota ba.

Akwai kuma wata kunya da ta shige mu, wai kwanan zana alamar talauci ce da ya kamata ekklisiya mai ci gaba ta wuce. Waiwaye adon tafiya. Sa'ad da likita Niels Bronnum, mutumin Denmak, ya sauka a Numan a 1913, babu majami'ar dutse da ke jiransa. A Garkida, a 1923, gindin tsamiya Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta farko, daga nan EYN ta samo tushe. Kusan duk majami'unmu na Arewa a inuwar bishiya ko ƙarƙashin jinka suka fara. Ekklisiyar da 'ya'yanta ke taruwa a Demsa kuwa ita ce ta ba Tarayyar Lutheran ta Duniya shugaba a 2017, lokacin da aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus a birnin Windhoek na Namibiya. Zana ba ta rage wa kowa daraja ba. Masu karatun Littafi sun san an umarci Isra'ilawa su zauna a bukkoki kwana bakwai kowace shekara, bayan sun tattara amfanin gona, domin 'ya'yansu su san daga inda aka fito. Umarnin bai ware masu arziki ba.

Amfanin wannan horo bai tsaya a kwanakin taro ba, mun gani da idonmu. A 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru, kogin Binuwai ya cika ya shiga gidaje da gonaki a Numan da Demsa da Lamurde, jama'a suka koma makarantu. A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram ta shiga Mubi, ta kuma mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi, mutane suka kwararo Yola, wasu da ƙafa, da abin da ke jikinsu kawai. Majami'u da masallatai da gidajen mutane suka cika, harabar cocin Katolika ta St. Theresa a Jimeta ta zama sansani. A majami'unmu, su wa suka san yadda ake tuƙa tuwon ɗaruruwan mutane a kan duwatsu uku, a raba kowa ya samu? Su wa suka san a ware mata da yara gefe, a haƙa rami tun ranar farko, a sa tsofaffi nesa da ƙofa? Matan nan ne da suka daɗe suna yi a filin taro, da samarin share fage da yanzu suka yi furfura. Ba wanda ya tura su kwas. Muna roƙon Allah kada ya maimaita mana irin waɗannan shekaru, amma zumunci a ƙafa yake, kuma yaron da bai taɓa matsa wa baƙo a kan tabarma ba, ban ga inda zai koyi wannan aiki ba.

Ga kwamitocin shirya taro na bana, a kowace ekklisiya kuke: kafin a yi maganar dandamali da masaukin manyan baƙi, a fara ƙirga ramuka da famfuna, a ajiye gangunan ruwa da yashi kusa da rumfuna, a nemo ma'aikatan lafiya daga cikinmu su kafa teburinsu. Ranar rufe taro, bayan an gode wa gwamna da sarki, a kira 'yan share fage da matan murhu su miƙe tsaye jama'a su gan su. Kai kuma ɗan'uwa da Ubangiji ya buɗa wa, in ƙafarka lafiya lau take, ka saki ɗakin otal ɗin nan ko na dare ɗaya ne, ka sa wata tsohuwa daga ƙauyenku ta kwana a ciki. Ka naɗo tabarmarka, ka riƙo hannun ɗanka, ku je rumfar mutanen garinku ku yi sallama. Ku zo da bargo mai kauri, sanyin ƙarfe uku yana nan yadda ka san shi.